Rumbun Bajamushe

Hantsi ya ɗaga, zafin bazara ya fara gasa kwanon caji ofis ɗin Funtua, sai ga wata mata ta faɗo ciki ko sallama babu, mayafinta na jan ƙasa. Ta zo gaban kanta ta riƙe katakon da hannu biyu.

Sufeto Zainulabidin ya leƙo daga ofishinsa riƙe da kofin shayin da ya daɗe da hucewa. Siriri ne mai furfura a gefen kunne, irin mutumin da abokan aiki ke yi wa tsiya wai ko ina kwana aka ce masa sai ya binciki dalili. Ya sa aka ba ta kujera da ruwa.

"Hajiya, sannu. Me ya faru?"

"An ɗauke mini maigida."

A wannan yanki, a shekarun nan, maganar ba ta buƙatar ƙarin bayani. Kofur Dogo, direban Sufeto, ya sunkuyar da kai daga inda yake tsaye. Shi kansa Sufeton sai da gabansa ya faɗi, domin ya sha karɓar irin wannan rahoto, kuma ya san yadda yawancinsu ke ƙarewa.

Sunanta Hajiya Barakatu. Mijinta Malam Almustapha ne, amma in da wannan suna ka neme shi a Funtua za ka sha yawo. Ka ce Bajamushe kawai, kowane ɗan acaɓa zai dire ka a ƙofar gidansa. Mai walda ne da ya shekara da shekaru a Jamus, a wata ma'aikata da ke ƙera jiragen ruwan yaƙi. Da sanyi ya ishe shi ya tattaro ya dawo, ya kama noma a gonarsu ta gado da ke ƙauyen Rafin Tsohuwa, a kan hanyar Malumfashi.

"Wa ya gaya miki an ɗauke shi?"

"Sule ne ya bugo waya, mai kula masa da gonar. Ya ce ga babur can yashe a hanya, shi kuma babu shi babu labarinsa."

"Yaushe ya bar gida?"

"Yana dawowa daga masallaci da asuba. Ko koko bai tsaya sha ba."

"Akwai wanda ya kira ki? Wata baƙuwar lamba?"

"Babu. Tasa wayar kuma ba ta shiga ko kaɗan." Ta matse gefen mayafinta. "Yallaɓai, yana da hawan jini. Ba zai iya tafiyar daji ba. Wallahi ba zai iya ba."

Sufeto ya ce ta koma gida ta zauna kusa da waya. Ya ɗauki hularsa ya yi wa Dogo alama.

Inda hanyar Rafin Tsohuwa ta rabu da kwalta, ta gangara cikin wani kwari mai duhuwar mangwaro, nan suka tarar da mutanen ƙauye cirko-cirko. Kowa na magana ƙasa-ƙasa, kowa na satar kallon yamma, wajen da dajin yake. Babur na kwance a gefen hanya. Kusa da shi ga hula, ga silifa ƙafa ɗaya.

Sufeto ya tsuguna. Makulli na jikin babur ɗin. Ya buɗe tanki ya girgiza, mai ya kusa cika.

"Dogo, tun da kake aikin nan ka taɓa ganin mutanen daji sun bar lafiyayyen babur, da mai a tanki, da makulli a jiki?"

"Yallaɓai, ai su sun fi son babur da mai babur."

"To ka gani."

Wani gajere kakkaura ya ratso mutane ya durƙusa. Idanunsa sun yi ja, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Shi ne Sule. Aka ce tare suka taso da Bajamushe tun suna kiwon awaki, shi ya sa da ya dawo bai nemi kowa ya riƙe masa gona ba sai shi.

"Kai ka fara gani?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ina jiran Malam a gona, shiru-shiru har rana ta ɗaga. Na biyo hanya, sai na ga wannan abin."

"Ke nan yau bai ƙarasa gonar ba?"

"Ko kusa. Nan suka tare shi."

"Ka ji harbi? Ƙarar babura?"

"Injin ban-ruwa na aiki, ba na jin komai."

Sufeto ya juya ga jama'a ya maimaita tambayar. Babu wanda ya ji harbi, babu wanda ya ga baƙuwar fuska. Sule ya matso ya rage murya.

"Ba na son shiga tsakanin 'yan'uwa, ranka ya daɗe. Amma ranar kasuwa kowa ya ji abin da yayansa Mati ya faɗa masa. Ya ce sai ya ga bayan wannan rumbun nasa."

Sufeto ya sa Dogo ya ɗauki hular da silifar, ya ce wa Sule ya kai su gonar.

Ƙofar gonar ta ƙarfe ce, an shafe ta da fenti mai launin toka. Sufeto ya dafa zai tura, fentin ya manne masa a yatsa.

"Jiya da yamma muka shafa," in ji Sule.

Can tsakiyar gonar abin yake. Dogon gini ne na zallar ƙarfe, shi ma launin toka, ba taga ko ɗaya, sai ƙofofi uku a jere, kowace da baƙar roba a gefenta da wani ƙaton hannu da ake murzawa. Mutanen ƙauye jirgin Bajamushe suke ce masa. Da yana gina shi dariya suka yi ta yi masa, har sai da suka ga masararsa ta kai damina ba ƙwaro ko ɗaya.

Dab da ginin injin ban-ruwa ke ta ruri, sai da Sule ya ɗaga murya kafin a ji shi.

"Hatsi ake zubawa a rufe! Iska ba ta shiga, ƙwari su mutu da kansu, ba sai an sa magani ba!"

Sufeto ya tsaya gaban ƙofar tsakiya. Hucin ƙarfen na dukan fuskarsa kamar ya tsaya bakin murhu. An zagaye hannun ƙofar da sarƙa, an datse da kwaɗo.

"Me ya sa wannan kaɗai aka ɗaure?"

"Hannun ne ya lalace! Malam ya ce a ɗaure kafin ya gyara! Rabon da a buɗe ta tun kaka!"

Sufeto ya dubi ƙasa. Ruwa ya cika fangalin albasa ya tumbatsa, yana malala a kan hanya har ya jiƙa masa takalmi. Shi ɗan mai lambu ne, ya sha duka yana yaro a kan ban-ruwa da tsakar rana.

"Wane manomi ne ke ba albasa ruwa rana tsaka, har ta nutse?"

"Ruɗewa ce, ranka ya daɗe! Yau ban san inda kaina yake ba!"

"To je ka kashe."

"In na kashe shi tashinsa wuya! Bari man ya ƙare da kansa!"

Ya sunkuya ya ja bakin rigarsa zai share fuska, sai wani abu ya zullo daga wuyansa yana lilo a jikin igiya. 'Yar tagulla ce mai faɗin bakin kofin shayi, an buga wata lamba a jikinta. Ya yi maza ya mayar da ita cikin riga.

"Laya ce?"

"Tsaraba ce. Malam ya ba ni da ya dawo daga Jamus."

Wani abu na sukar zuciyar Sufeto, amma ya kasa gane ko mene ne, ga ƙarar injin ta hana shi tunani. Ya ce wa Sule kada ya yi nisa, suka fita neman Mati.

A zaurensa suka same shi, dattijo mai ɗaurarriyar fuska, yana jan carbi da sauri kamar mai faɗa da shi. Bai tashi ba, bai kuma yi musu tayin tabarma ba.

"Malam Mati, yaushe rabonka da ƙaninka?"

"Ranar kasuwa."

"Gonar fa?"

"Tun da aka yi girbi ban taka ta ba. Me zan je yi?"

"An ce ka yi rantsuwa sai ka ga bayan rumbunsa."

"Na faɗa, kuma ko gaban alƙali zan maimaita. Yaron nan ido yake jawo mana. Kowa na yaɗa cewa mai ƙera jirgin yaƙi ya dawo, ya gina ɗakin ƙarfe. Kana tsammanin labarin bai kai daji ba? Mu da muke kwana da ido ɗaya? Ga shi nan ai, abin da nake gudu ya faru."

Muryarsa ta karye a ƙarshen maganar. Sufeto ya lura da wannan, ya kuma lura da wani abu dabam. Ya miƙa hannu ya kama hannun rigar dattijon ta dama. Launin toka ne shafe a gwiwar hannun. Ya danna da yatsa, ya ji da ɗanƙo.

"Jiya da yamma aka yi wa ƙofar gonar fenti. Kai kuma rabonka da ita tun girbi."

Carbin ya tsaya. Mati ya dubi rigar, ya dubi bango, ya ja bakinsa ya tsuke.

"Tashi mu je," in ji Sufeto.

An yi azahar lokacin da suka iso gidan Bajamushe a Funtua. Aka bar Mati a bayan mota da Dogo. Hajiya Barakatu na zaune a falo, waya a cinya, ba ta ko ƙifta ido daga kanta. Har yanzu babu wanda ya kira.

Sufeto ya ajiye silifar a gabanta.

"Ta maigidan ce?"

Ta ɗauka ta juya. "Tasa ce. Amma ai wannan ta alwala ce, a gona take zama, cikin bukka. A ina kuka same ta?"

"Kusa da babur."

"A'a. Malam ba ya hawa babur da silifa. Wani jibgegen takalmi gare shi mai ƙarfe a baki, tun na wurin aikinsu. Ko zafi ya kai ina shi yake sawa, har tsiya nake masa. Da shi ya fita yau, ni na miƙa masa."

Ke nan wani ne ya ɗauko silifar daga cikin gonar ya kai ta hanya. Sufeto ya ɗaga kai yana tunani, idonsa ya sauka kan wani babban hoto a bango. Jirgi ne mai launin toka, hancinsa ya tokare sama, a ƙarƙashinsa wasu mutane sanye da hular kwano sun zama 'yan mitsi-mitsi.

"Ga shi can, na biyu daga hagu," in ji ta. "Wai irin wannan jirgin yaƙin firigat ake ce masa. In ya fara labarin jirgin nan sai tuwo ya huce. Ya ce tsawonsa ya fi filin ƙwallo. Gabansa a wani gari aka ƙera, bayansa a wani gari, aka jawo su ta ruwa aka haɗe, kuma da hannunsa a waldar haɗin. Wai yana iya shekara biyu bai koma gida ba, sojojin ciki kawai ake canjawa."

"Rumbun nan, daga jirgin ya kwaikwayo?"

"Daga nan ne. Ya ce cikin jirgin ɗaki-ɗaki ne, kowanne da ƙofar da ko iska ba ta ratsawa. Shi ya sa ma yake tsoron rumbun, shi da ya gina shi."

"Tsoro kuma?"

"Sosai. Ya ce a can ƙasan jirgi akwai wasu ɗakuna masu duhu da iska ke ƙarewa mutum bai sani ba, sai dai ya ji barci. A gabansa aka taɓa fito da wani abokin aikinsu, bai ƙara tashi ba. Don haka dokar wurinsu ita ce ba ka shiga sai da mutum tsaye a bakin ƙofa, ba shi da wani aiki sai tsaron ranka. Har yau bai saki wannan doka ba. Sai ya buɗe ɗaki ya sha iska, sannan ya ciro lambarsa ya rataya wa mai tsaron ƙofa a wuya, sannan ya shiga."

Sufeto ya juyo daga hoton.

"Wace lamba?"

"Wata 'yar tagulla ce a jikin igiya, ta wurin aikinsu. In ya fito ya karɓi abarsa. Ni ma ya sha rataya mini in na bi shi gona."

"Ba ya kyauta da ita?"

"Kyauta? Ɗansa na cikinsa ya roƙa ya hana shi. Cewa yake, muddin tana wuyan wani, to shi yana ciki." Ta dubi fuskar Sufeto, wayar ta zame daga cinyarta ta faɗi. "Yallaɓai, lafiya? A wuyan wa ka gan ta?"

Bai tsaya ya ba ta amsa ba. Da gudu ya fita, abin da Dogo bai taɓa gani ba.

"Rafin Tsohuwa! Taka ta iya ƙarfinta!"

Motar ta fizga. Sufeto ya juyo ya fuskanci Mati.

"Malam, yanzu ba lokacin taurin kai ba ne. Ran ƙaninka ne a hannunka. Ka je gonar yau ko ba ka je ba?"

"Na je. Da sassafe. Haƙuri na je ba shi kan maganar kasuwa, sai muka sake sabon faɗa. Da na ji an ce an ɗauke shi, na san ni za a fara nunawa."

"A ina ka bar shi?"

"A bakin rumbu, shi da Sule. Ƙofar tsakiya a buɗe, wai tana shan iska, zai shiga ya duba tsatsa kafin ruwa ya sauka."

"Injin ban-ruwa na aiki a lokacin?"

"A'a. Shiru wurin yake."

Sai a nan Mati ya fahimta. Ya dafe kai da hannu biyu yana salati, yana kiran sunan ƙaninsa na yarinta. Dogo na ta danna oda, masu Keke Napep na watsewa gefe suna zagi. Sufeto ya dubi rana ta gilashi. Tun safe take dukan ƙarfen nan, kuma ɗazu shi da kansa ya tsaya a gaban ƙofar, taku ɗaya tsakaninsa da mutumin, ya juya ya tafi. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a bakin daji.

Sun tarar da injin na nan yana ruri. Sule na tsugune a gefensa da galan, yana ƙara masa mai. Da ya ga motar bai gudu ba. Galan ɗin ne kawai ya suɓuce masa.

Sufeto ya kashe injin da hannunsa.

Gonar ta yi tsit. Suka kasa kunne su duka. Ba bugu, ba kira, ba tari, sai ruwa da ke tsiyaya daga fangali.

"Makulli."

"Ranka ya daɗe, yana wurin Mal..."

Dogo ya damƙi wuyan rigarsa ya zazzage aljihun. Makullin ya faɗo cikin laka. Sai da Sufeto ya gwada ya sake gwadawa kafin kwaɗon ya buɗe. Ƙarfen na ƙona tafi, suka naɗe hannu da hula, shi da Dogo suka murza. Lafiya lau hannun ya juya, babu abin da ya lalace a jikinsa. Ƙofar ta saki da wani dogon huci, zafi mai wari ya bugo su har suka ja da baya.

"Almustapha!" Mati ya ƙwala kira.

Shiru.

Hasken rana ya faɗa ciki. Abin da suka fara gani takalmi ne mai ƙarfe a baki. Mutumin na kwance rub da ciki a can lungu, ba riga, fuskarsa manne da bango dab da ƙasa. Sufeto ya ja numfashi ya riƙe, ya shiga, ya kama ƙafafun ya jawo shi waje.

Jikin ya saki, leɓɓansa sun bushe sun tsage, wata 'yar sifana na cikin tafinsa a damƙe. Suka kwantar da shi a inuwar mangwaro. Mati na kwara masa ruwa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Sufeto ya ɗora yatsu a wuyansa, ya rufe ido. Da farko bugun zuciyar kansa kawai yake ji. Can sai ya ji wani a ƙarƙashin yatsun, siriri, yana zuwa yana ɓacewa.

"Yana da rai. Dogo, kira asibiti su shirya gado."

Ya koma bakin ɗakin ya haska da fitilar waya. A lungun da mutumin ya kwanta akwai wani ɗan bututu da bai fi kaurin babban yatsa ba, ya ratsa bango zuwa waje, an kwance murfinsa daga ciki. A nan ya sa bakinsa tun safe. Sufeto ya juya hasken ɗaya gefen. Buhunan masara ne 'yan kaɗan a jingine, an janye ɗaya, a bayansa ga wani dogon ƙunshi na buhu da aka farke. Bakunan bindigogi ne ke leƙowa.

Ya fito a hankali, ya dubi yamma kamar yadda mutanen ƙauye ke yi, sannan ya sa Dogo ya nemi ƙarin jami'ai daga Funtua, da makamai, yanzu-yanzu.

Sule na zaune dirshan cikin laka. Sufeto ya tsuguna a gabansa, ya sa hannu ya ciro igiyar daga wuyansa.

"Tsarabar Jamus."

"Na manta tana wuyana," in ji Sule, murya a dushe. "Na saba da ita. Wallahi na manta."

"Na wa ne kayan?"

"Na mutanen daji. Bayan girbi suka same ni nan ni kaɗai. Ba su doke ni ba, ba su zage ni ba. Babbansu ya zauna a kan wancan dutsen ya lissafa mini sunayen 'ya'yana, har da ta goye. Ya faɗi makarantar da kowanne ke zuwa. Ya ce sun ji ɗakin nan ba ya cin wuta, ba a kuma buɗe shi sai damina. Ajiya kawai, in ji shi. In ta ɓata ko wani ya gani, ya san hanyar gidana."

"Sai Malam ya ce zai shiga yau."

"Na yi ta kawo dalili, ya ƙi ji. Ya rataya mini lambar ya shiga. Ina tsaye ina addu'a kada ya taɓa buhun. Sai na ji ya ce, 'Sule, mene ne wannan?' Na san halinsa, ranka ya daɗe. Daga nan caji ofis zai wuce, ko zan mutu ina roƙonsa. Ban san lokacin da na tura ƙofar ba."

"Ka san lokacin da ka sa sarƙa ai. Ka san lokacin da ka tura babur hanya, ka tayar da inji don kada a ji bugunsa."

"Ya yi ta bugu." Sule ya toshe kunnuwansa da hannu. "Ya yi ta kiran sunana. Har ta cikin ƙarar injin ina ji." Ya ɗago jajayen idanu. "Shi da bakinsa ya taɓa gaya mini, a jirgin yaƙi in ruwa ya fasa ɗaki ɗaya, rufe ƙofar ake yi ko da mutum a ciki, don sauran su tsira. Ni ma nawa na ga za su nutse."

"Ba haka... na ƙarasa maka ba."

Duk suka juya. Bajamushe ne, kansa a cinyar yayansa, idonsa a rufe, maganar na fita da ƙyar.

"Wanda ya rufe... a bakin ƙofar yake tsayawa. Ya yi ta ihu... har a zo. Da ka yi ihu, Sule. Da ni da kai... da mun san yadda muka yi da yaran."

Sule ya kifa fuskarsa a laka ya fashe da kuka.

Aka ɗauki Bajamushe aka shimfiɗa a bayan mota, Mati na riƙe da kansa, Dogo ya ja su zuwa asibiti. Ba a jima ba motocin ƙarin jami'ai suka iso, aka kwashe ƙunshin, aka zagaye gonar. Mutanen ƙauye sun taru a bakin hanya, nesa-nesa, ba mai matsowa. Sufeto ya san a cikinsu akwai idon da mutanen daji yake yi wa kallo.

Ya fito da ankwa. Ganin yadda mutumin ya karye, ya yi niyyar sa masa ta gaba, ya shigar da shi mota ta bayan rumbu ba tare da an gani ba.

"A'a, ranka ya daɗe." Sule ya juya ya haɗe hannuwansa a baya. "Ta baya za ka sa. Ka matse sosai. Don Allah kada ku sa ni a mota a nan. Ku ja ni a ƙasa ta tsakiyar gari, ta gaban masallaci, ta bakin kasuwa. In da hali wani ya mare ni."

"Don me?"

"Don labari ya kai musu cewa kama ni aka yi. Ba ni na kawo ku ba. Ko za su bar mini yaran."

Sufeto ya kira wani saje gefe, ya ce ya ɗauki mota ɗaya ya zagaya ta bayan gari, ya kwashe matar Sule da 'ya'yansa kaf kafin la'asar ta yi sanyi, kada ya tsaya ɗaukar ko tabarma.

Sannan ya dawo ya datse ankwar har sai da Sule ya yi ƙara. Ya damƙi wuyan rigarsa ya tura shi gaba, ya ɗaga murya yadda na bakin hanya za su ji.

"Wuce mu je, munafuki! Kana tsammanin ba za mu gano ka ba?"

Sule ya yi tuntuɓe ya miƙe. Ba tare da ya juyo ba, a hankali yadda su biyu kaɗai za su ji, ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe."